Mai Faci a Gindin Gada

Shekara goma sha tara ina faci
a gindin gadar Long Bien, nan Hanoi.
Kwanon ruwa, famfo, kujera mai ƙafa uku,
ta huɗun bulo ne.
Rabin garin nan ya gifta ta gabana a kan keke,
ban ga bakin kowa ba.

Goshi nake gani, da ido biyu,
saura ƙyalle.
Na san Khoat malamin lissafi da kukan sarƙarsa,
takunkuminsa fari fat ran Litinin,
kafin Juma'a ya koma toka.
Na san tagwayen nan masu kai burodi,
ɗaya shuɗi, ɗaya mai zanen kifi.
In sun yi musaya don su ruɗe ni
birkin ƙaramin ke tona musu asiri.

Sai Thuc mai furanni.
Tun zakara bai gyara murya ba
take hawo gada da lambu guda a bayanta,
furen bado ɗaure dami-dami, raɓa na ɗiga.
Nata daga rigar makarantar 'yarta ta yanko shi,
har da rabin aljihu a gefen kunci.
Shekara tara da gira muke gaisawa.

Wata Talata ƙusa ta kama ta.
Hayaƙi ya sauko ya kwanta a kan kogi,
babura na ta ƙugi kamar an taɓa gidan rina.
Ta jingine keken, na ba ta kujera,
na miƙa mata shayi,
ta sa yatsa ta zare igiya daga kunne.

Ashe wushirya gare ta.
Ashe akwai tabo a haɓa, bai fi ƙwayar shinkafa ba.
Na tsoma tiyub a ruwa ina neman kumfa,
sau biyu na wuce hujin ban gani ba.

Ta juya ƙyallen ta nuna mini cikinsa,
baƙin ɗigo biyu daidai hanci.
"Na yau ke nan," in ji ta, "ko hantsi bai yi ba."

Na ce ɗan ƙanena mai karatun likita
ya ce ƙyalle ba ya tare ƙananan,
ratsa zare suke kamar ruwa a kwando,
sai dai mai tsada, mai ƙarfe a karan hanci.
Ga hawan gada da shi azaba,
numfashinka ya dawo maka da ɗumi,
gumi ya manna maka shi a leɓe.

Ta kurɓi shayi tukuna.
"Mai tsadar nan kuɗin dami uku ne.
Ka gaya wa likita wannan ma yana cin tuwonsa.
Rana ba ta cin kumatuna,
ƙwaro ba ya faɗa mini baki a gangare.
In direban bas ya matse ni a gefe
sai in zage shi har kakansa,
shi ido kawai yake gani, har hannu yake ɗago mini.
Shekarar da mijina ya rasu
a cikinsa leɓena ya yi rawarsa wata shida,
ba wanda ya fasa sayen furen biki."

Sai tari ya ƙwace mini,
irin wanda ke taso ni tsakar dare.
Ta dube ni duban mai awo.
"Kai da ke zaune a bakin salansa, fa?"

Bayan kwana uku ta wuce ba ta taka birki ba,
ta cillo mini ƙunshi a cinya.
Ɗaya rabin aljihun ne.

Yanzu tabarauna hazo yake yi.
Da, da leɓe nake jin iskar huji,
yanzu dole sai kwano.
Warin gam ya ragu, tarin yana nan.
Da asuba in ta hawo, bado na rangaji a bayanta,
sai ta kaɗa ƙararrawa sau ɗaya,
ni kuma in ɗaga famfo.
Igiyar ta ɗan yi mini kaɗan, tana cin bayan kunne.
Ban gaya mata ba.